Yarinya mai farar riga

Cikin Nuwamba na sauka Pittsfield, a yammacin jihar Massachusetts ta Amurka, sanyi na ratsa ƙashi. Maigidana ya riga ni zuwa da shekara biyu. Ban daɗe ba na samu aiki a wani gidan kula da tsofaffi: wanka, ba da abinci, sai sauraro. Sauraron ma ya fi yawa.

Wata tsohuwa da nake yi wa hidima tana da kalanda a bango, kowane wata da zanensa. Na Nuwamba, kaka ce ɗauke da ƙaton talo-talo a faranti, iyali sun kewaye tebur, kowa baki har kunne. Ni da na tashi a Zariya, inda Hajiyarmu ba ta yarda a yi salla a ɗakin da ke da hoton mutum, sai in kawar da kai. Azahar kuwa a ɗakin wanki nake yinta.

Rannan ta kama ni ina satar kallo. Ta ce, "Zanen Norman Rockwell ke nan. Nan kusa ya zauna, a Stockbridge." Daga ranar hirarmu ta samu.

A New York aka haife shi a 1894. Yana da shekara 22 zanensa ya fara fitowa a bangon mujallar Saturday Evening Post, ya kuma yi shekara 47 yana zana musu, bango 323. Maƙwabtansa yake kira su tsaya a ɗauki hotonsu, sannan ya zauna ya zana. Shi ya sa fuskokin suka yi kama da mutanen da nake haɗuwa da su a kanti. Wancan na talo-talo ɗaya ne daga zane huɗu da ya yi a 1943 kan 'yanci huɗun da Shugaba Roosevelt ya ambata a jawabinsa na 1941. Masanan zane sun daɗe suna raina shi, wai zaƙi ya yi wa aikinsa yawa. Ni ma na ga hakan, amma ta wata fuskar: na buɗe kalandar wata goma sha biyu cif, ban ga mai kama da ni ba.

Da bazara ta shigo muka je gidan tarihinsa a Stockbridge, ni da 'yata mai shekara bakwai. Tafiyar ba ta kai rabin awa a mota ba. A garin ya zauna tun 1953 har rasuwarsa a 1978, kuma ɗakin zanensa ma an ɗauko shi ɗungurungum an ajiye a harabar gidan.

A can muka ga zanen da ya tsayar da ni. Yarinya ce baƙar fata, farar riga fes, riƙe da littattafai da rula, tsakanin ƙarti huɗu, jami'an tsaron tarayya. A bangon da ke bayanta an rubuta zagi, ga jan tumatirin da aka jefa ya tsiyaya ƙasa. Ruby Bridges ce, 'yar shekara shida, wadda aka raka makarantar fararen fata a New Orleans a 1960. Zanen ya fito a mujallar Look a 1964, bayan Rockwell ya rabu da Post, inda aka saba ba a nuna baƙin mutum sai yana yi wa wani hidima. Yana dab da shekara saba'in a lokacin. Dattijo ne da ya riga ya yi suna, da ya so da ya ci gaba da zana talo-talo har ƙarshen kwanansa.

Ni zagin nake kallo, ina addu'ar kada 'yata ta ce in karanta mata. Ita kuwa wani abu daban ta gani.

"Umma, ina kawunansu?"

Sai a lokacin na lura: daga kafaɗa aka yanke mazan huɗu, fuskar yarinyar kaɗai ke cikin zanen. Na ce mata mai zanen ne ya so a kalli yarinyar. Ta yi shiru, ta matsa kusa har mai gadi ya ɗaga mata hannu.

Ranar Litinin da safe ta ce farar rigarta ta salla za ta saka. Na ce za ta yi datti. Ta kafe. Na goge mata, na ɗaure mata gashi, na tsaya bakin titi har motar makaranta mai ruwan ɗorawa ta sha kwana, sannan na ruga don kada in makara wajen aiki.