Asabar, ni da katin rawata

Tun bayan azahar nake zaune da katin nan da nake rubuta jerin juyin rawata a kai, shayi ya huce har sau nawa. Daren yau akwai rawar kwantira, wadda ake yi bibbiyu cikin dogayen layuka biyu masu fuskantar juna, a Greenfield, nan jihar Masacuset ta Amurka, kuma tsohuwar da ke koya min kira, wato faɗa wa masu rawa juyin da za su yi, ta ce in kawo sabuwar rawar da nake haɗawa a gwada kafin mutane su cika.

Lissafin kam ba wuya, taku 64 ne duk kiɗan, kashi huɗu, kowanne 16, A1 A2 B1 B2, yaro ma zai cike gurbin. Inda gizo ke saƙar shi ne mahaɗa, wato daƙiƙar da wani juyi ya ƙare wani zai fara, wane hannu ne a sake kuma ina jiki ya riga ya nufa. In an gama suwin, wato mutum biyu su riƙe juna su yi ta juyawa, mace na dama namiji na hagu (yanzu wurare da yawa sun daina cewa maza da mata, sunan tsuntsaye biyu ake kira, amma matsayin dai shi ne), hannun hagun namiji shi ne a sake, na mace kuma dama. Shi ya sa bayan suwin da maƙwabci, wato na kusa da kai da ba abokin rawarka ba, na sa maza su kama hagu su zaga ɗaya da rabi su faɗa suwin da abokin rawarsu, ko tunani ba sai sun yi ba, hannun na nan a sama yana jira.

B2 ce ta hana ni sakat. Kafin ta, a B1, dogon layi gaba da baya taku 8, mata su ba juna dama su tsallaka, namiji ya tarbe ta ya juya da ita, to juyin nan saɓanin agogo yake tafiya. Ni kuma raina na son da'ira ta hagu bayansa, wadda bin agogo take yi. Da kofuna huɗu a kan tebur lafiya lau, ai kofi ba shi da gwiwa.

Da magariba muka gwada mu takwas, mai goge ɗaya na mana kiɗa a hankali. Wlh ana zuwa wurin sai ka ga kowa ya ɗan ci birki, kafaɗa ta koma baya, wani dattijo har takalminsa ya yi ƙara a katako. Malamar tawu ba ta ce komai ba, ta ɗaga hannun hagu kawai. Muka sa tauraro na hagu a gurbin, wato mutum huɗu su haɗa hannun hagu a tsakiya su zaga, taku 8, jikin da ma can yake juyawa, suka zuba ciki suka fito daidai gaban sabon maƙwabci, dosido (zaga juna baya da baya), sai balans (taku gaba da baya) da suwin, rawa ta koma farko.

Ta ce min tsofaffin rawa na New England, yankin nan namu na arewa maso gabashin Amurka, ma'aurata na ɗaya ne ke shan aiki na biyu na tsaye suna kallo, irin su mai kira Ted Sannella na Boston ne suka tura abin zuwa inda kowa ke motsi ba tsayawa. Ni dai gsky wani lokacin ina son ɗan tsayawar, dogon layin nan na bar shi ne don mutane su ja numfashi, ta ce to a bar shi.

An sa ni ta uku bayan hutu sati mai zuwa. Sunan rawar ne ban samu ba har yanzu, ga ƙafata na zugi.