Saura Ashirin da Ɗaya

Da safe ranar ta fara da daɗi. Na gama aikin nan da na kwana uku ina jan ƙafa a kansa, Yaya ta kira muka sha dariyar yaranta da suka ɓoye mata caja suka ce sai ta biya su.

Tabarau Baba ya aike ni nema a durowarsa. A ƙarƙashin takardu sai ga katunan amlodipine ɗinsa, maganin hawan jini, ban san lokacin da na fara ƙirgawa ba. Na kwana 30 aka karɓo masa ranar 1 ga wata, yau 20, ya kamata a ce saura 10. Na samu 21. Na sake ƙirgawa, 21 ɗin dai.

Yana kishingiɗe da rediyonsa na ce, "Baba, maganin nan fa?"

Ko kallona bai yi ba. "Ai na warke. Ba ke kika auna ni farkon wata kika ce 128 bisa 82 ba? Mai lafiya yana shan magani ne?"

Na ce Baba, ai maganin ne ya kawo 128 ɗin, in aka janye shi jinin komawa zai yi inda ya fito. Ya ce kansa ba ya ciwo, ba ya jin jiri. To abin da ke ɓata min rai da ciwon nan kenan: yawanci ba ya sanarwa. Mutum yana harkarsa garau, shi kuwa yana can yana cin jijiyoyi da ƙoda da zuciya a hankali. Saura kiris in ambaci Kawu, da shekara uku kenan hannunsa na dama bai ɗagu ba. Na haɗiye.

Na ɗauko na'ura. 164 bisa 98. Ya ce ta lalace. Na ɗaura a nawa hannun, 118 bisa 76. Na ce masa daga 140 bisa 90 ake fara kiransa hawan jini, shi ya wuce nan da nisa.

Shiru. Can sai ya janye ƙafar wandonsa. Idon sawunsa har yanzu da sauran kumburi, ya ce lokacin da yake sha kullum takalminsa ma ba ya shiga, kuma bai faɗa ba don kar a ce tsoho ya cika ƙorafi. Jikina ya yi sanyi. Sanannen abu ne da amlodipine, yana buɗe hanyoyin jini sai ruwa ya taru a ƙafa, kuma likita yana iya rage ƙarfinsa ko ya canza wani. Haka aka yi wa Inna da nata maganin hawan jinin, lisinopril, ya sa ta busasshen tarin nan mai hana barci, aka mayar da ita losartan, shi kenan. Gida ɗaya muke kwana, amma ƙwayoyinsa na gani kafin in ga ƙafarsa.

Na taɓa karanta cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2003, ko a ƙasashe masu arziki kusan rabin masu ciwo mai daɗewa ne kawai ke shan magani yadda aka tsara musu. A lokacin ganganci na kira shi, har da tsaki.

Abin da ya hana ni sukuni tun ɗazu shi ne maganarsa da zan fita. A hankali ya faɗe ta, ba faɗa: "Yanzu ƙirga min ƙwaya kike, kamar ƙaramin yaro?" Ban samu amsa ba. In na daina ƙirgawa tsoro nake ji, in na ci gaba kunyarsa nake ji.

Ya sha ɗaya a gabana. Ya so ya haɗa biyu wai ya rama na baya, na ce a'a, ba a ramawa. Alhamis za mu ga likita, ya ce shi zai yi bayanin ƙafar da bakinsa, kar in sa baki.

Wankin da na jiƙa yana nan a bokiti. Sai gobe.

Katunan na mayar durowa, a saman takardun wannan karon. Tabaran kuwa ashe yana aljihun rigarsa tun safe.