Yaushe rabonka da filinmu?

Asabar. An kawo wuta tun asuba, abin mamaki, har na goge kayan sati gaba ɗaya kafin su tuna su ɗauke abarsu. Maman yara ta yi ƙosai da kunun tsamiya, na ci har sai da na ji kunya. Da a nan ranar ta tsaya, da yau ba ku ji ɗuriyata ba.

Wajen ƙarfe goma sai ga ɗan Yaya ya shigo, but a rataye a wuya, fuska a murtuke. Ko kallon ƙosan bai yi ba, shi da ba a ajiye kwano a gabansa a dawo a tarar da komai. Na ce, lafiya? Ya ce, "Baffa, wai Alhaji zai sayar da kulob." Ashe raɗe-raɗin da ake yi tun bayan Sallah kan kulob ɗinmu na ƙwallo, wanda Alhaji ke riƙe da shi, gaskiya ne. Wani mai kuɗi a Abuja yana son gurbinmu na gasar. Zai ɗebi yaran da suka yi masa, ya canja suna, ya canja kalar jesi, sauran kuma kowa ya kama gabansa. Alhaji ya ce ya gaji, kuma ni ban ga laifinsa ba. Shekara da shekaru shi ne kuɗin rajista, shi ne mota idan za a je wasan waje, shi ne asibiti idan yaro ya karye, hatta ruwan leda na hutun rabin lokaci daga aljihunsa yake fita. Ga yadda kasuwa ta koma.

Na ba yaron haƙuri irin na manya, wanda ba ya maganin komai. Ya tafi ya bar but ɗinsa a zaure.

Kasuwa da rana. Tumatir ya ɗan sauko, albasa ta ƙi. Mai keke ya yi ta rantsuwa ba shi da canji har na bar masa.

Bayan la'asar na gangara majalisa, na tarar maganar ta riga ni isa. Koci yana zaune a ƙarshen benci da shayinsa da ya huce, bai ce uffan ba, sauran kuwa kowa na ta faɗin albarkacin bakinsa. Mai shayi ya ce a kai kuka gidan gwamnati. Aka yi masa dariya, amma ba shirme ya faɗa ba. Ku duba manyan kulob ɗin arewa, Kano Pillars ne, Katsina United ne, Wikki ce, El-Kanemi ce, duk na gwamnatocin jihohi ne, shi ya sa ba mai zuwa da jakar kuɗi ya ɗauke su ya kai wani gari. El-Kanemi ma da rikicin Boko Haram ya sa ta riƙa buga wasanninta na gida a garuruwan wasu, da ƙura ta lafa Maiduguri ta koma. Irin namu ƙananan, masu uban gida ɗaya, su ne ranar da uban gidan ya gaji sai ko dai a sayar ko a mutu.

To kun san halina. Na gyara zama na ce bari in ba ku labarin Wimbledon.

Wasu suka fara "ya fara, ya fara", amma suka saurara, don na san inda zan kama su. Na ce kun tuna John Fashanu? Kun tuna Efan Ekoku da ya je Amurka da Super Eagles a 1994? To duka biyun sun ci abinci a kulob ɗin nan. Ƙaramin kulob ne na wata unguwa a kudu maso yammacin Landan, kewaye da manya irin su Chelsea da ke kwashe 'yan kallo. Sai a 1977 suka shiga gasar ƙwararru, amma zuwa 1986 har sun hau rukuni na ɗaya. A 1988 suka haɗu da Liverpool a wasan ƙarshe na kofin FA a Wembley, Liverpool ɗin da ta riga ta cinye gasar lig a shekarar. Lawrie Sanchez na Wimbledon ya sa kai ya ci, aka ba Liverpool fenariti, Aldridge ya buga, gola Beasant ya ture. Aka tashi ɗaya da nema. Fashanu yana cikin fili ranar.

Nan na ɗan kurɓi shayi don in ja musu rai.

Na ce matsalarsu fili ce. Bayan turmutsitsin filin wasa na Hillsborough da ya kashe 'yan kallo da dama a 1989 aka kafa doka cewa manyan kulob sai kowane ɗan kallo ya sami kujera. Filinsu na Plough Lane tsoho ne, ƙarami, sai suka bar shi a 1991 suka koma haya a filin Crystal Palace, wai na ɗan lokaci. Ɗan lokacin nan shekara goma sha biyu ya ci. Kulob ba gida, 'yan kallo ba yawa, masu shi suka fara leƙe-leƙen inda za su kai shi, har Dublin aka ambata, wata ƙasar daban fa. A 2000 suka faɗo daga Firimiya. Sai ga maganar Milton Keynes, sabon gari mai jama'a amma ba shi da kulob a gasar ƙwararru, tafiyar kusan kilomita 90, wato ta ɗan ɗara Kaduna zuwa Zariya. Hukumar lig ta ce ba ta yarda ba. Magoya baya suka yi zanga-zanga, suka yi ta rubuce-rubuce. Daga ƙarshe aka naɗa kwamitin mutum uku, ranar 28 ga Mayun 2002 biyu suka ce a tafi, ɗaya ya ce a'a. A 2003 aka kwashe kaya, a 2004 aka raɗa masa suna MK Dons.

Sai na zo wurin da na fi so, har muryata ta ɗaga. Na ce magoya bayan nan ba su bi shi ba. Cikin 'yan kwanaki suka kafa nasu, AFC Wimbledon. Suka yi shela duk mai ganin ya iya ƙwallo ya zo filin unguwa a gwada shi, mutum sama da ɗari biyu suka hallara. Daga rukuni na tara suka fara, can inda ake wasa ana jin muryar kowane ɗan kallo. Cikin shekara tara suka hau sau biyar, a 2011 suka doke Luton a bugun fenariti suka dawo gasar ƙwararru. A Nuwamban 2020 suka shiga sabon fili a titin Plough Lane ɗin dai, inda a da ake tseren karnuka, bayan shekara 29 da barin unguwar. Da kuɗin gini ya gaza, magoya baya ne suka ranta wa kulob sama da fam miliyan biyar. Kuma kulob ɗin na ƙungiyar magoya baya ne, kowa da ƙuri'arsa.

Na gama ina jiran a jinjina mini.

Koci ya ajiye kofi. Ya ce, "Malam, in tambaye ka mana. Duk wannan dogon tarihin, sun hana a tafi da kulob ɗin?"

Na ce, a'a, amma ai...

Ya ce, "Ba su hana ba ke nan. To. Na biyu, waɗannan mutanen da kake yabo, baki suka sa ko aljihu?"

Na ce aljihu.

Ya ce, "Kai yaushe rabonka da filinmu?"

Ba da faɗa ya yi ba. Da ma da faɗa ne, da na sami abin kamawa. A hankali ya faɗa, yana kallon ƙasa, kamar mai tambayar ƙarfe nawa. Majalisa ta yi tsit, sai ƙarar cokalin mai shayi. Wani ya so ya mai da abin wasa, ya ce ai Malam ɗan Arsenal ne, filinsa yana Landan. Aka ɗan dara. Ni ma na dara, ta yaƙe.

Tun daga nan lissafi nake, har yanzu da nake rubutun nan. Rabona da filin tun kafin azumin bara. Ranar da ɗan Yaya ya ci ƙwallonsa ta farko a gasar ina gidan kallo, a waya aka turo mini, na tura masa hoton wuta guda uku na ɗauka na fita haƙƙinsa. Duk Asabar da Lahadi ina biyan mai gidan kallo ba tare da ciniki ba, ranar Talata da Laraba idan akwai gasar zakarun Turai in ƙara. Amma 'yan lokutan da na je filinmu, ta ƙofar baya nake shiga don mai tsaron ƙofar ɗalibina ne a da, har ina jin daɗi ana ce mini "Malam, wuce kawai". Na san sunan wanda ya ture fenariti a Wembley shekaru talatin da ɗoriya da suka wuce. Golan namu kuwa laƙabinsa kawai na sani, ban san ɗan gidan wa ba ne.

Kuma abin da Koci ya kama ni da shi na farko ya fi ci mini rai, don na sha ba da labarin nan ban taɓa lura ba. Ni kullum ƙarshensa nake gani, sabon fili da tutoci. Amma mutanen nan da lauyoyinsu da jaridunsu da hukumar lig a bayansu, sai da aka tafi da kulob ɗinsu suna kallo. Akwai tsofaffin da suka ga Wembley a 1988 ba su kai 2020 ba. Waɗanda suka kai ma ranar buɗe fili ba su shiga ba, korona ta hana, a gida suka kalla. Mu da ba mu da ko takardar yarjejeniya tsakaninmu da Alhaji, me za mu riƙe?

Sai na tuna Baba, Allah ya jiƙansa, da labarin Ranchers Bees. A 1988 ɗin nan dai, shekarar da nake ta yi wa Wimbledon kirari, wannan kulob na garinmu Kaduna ya kai wasan ƙarshe na kofin masu kofuna na Afirka, ya kara da CA Bizertin ta Tunisiya. Baba ya sha ba mu labarin yadda filin Ahmadu Bello yake cika a zamaninsu. Ban taɓa ba da wannan a majalisa ba. Ban san me ya sa ba. Wataƙila don ba shi da bidiyo mai kyau a YouTube.

Kafin magariba Koci ya ce Alhaji ya ba da zuwa ƙarshen wata, idan an sami masu ɗaukar ko da kuɗin mota da rajista zai sake tunani. Wani ya kawo shawarar adashi, wani ya ce a sa kuɗin shiga na dole ba sani ba sabo. Aka kira salla, maganar ta watse a nan.

Tuwon dare da miyar kuka. Ban ci da yawa ba, Maman yara ta ɗauka ƙosan safe ne bai sauka ba.

Bayan isha na rubuta dogon saƙo a zauren WhatsApp na majalisa, na sa sunana a farko da abin da zan iya bayarwa duk wata. Na goge adadin sau biyu, na farko don ya yi mini yawa, na biyu don na ji kunyar ƙanƙantarsa. Mutum sha ɗaya sun karanta. Ɗaya ya turo hannuwan addu'a. Ɗaya ya tambaya ko da ƙarfe nawa Arsenal za ta buga gobe. Koci bai buɗe ba tukun, ko kuma datarsa ta ƙare.

Gobe akwai tirenin ƙarfe bakwai. Na kira ɗan Yaya na ce ya biyo ta nan mu tafi tare. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Baffa, filin fa?" Na ce e, filin. Ya ce to, dama zai zo ɗaukar but ɗinsa.