Gyaran lambu da dandamalin katako kafin sanyin Ingila ya kama

Yawancin gidajen Ingila, na haya da na saye, suna da ɗan fili a baya, wasu kuma an shimfiɗa musu dandamalin katako a bakin ƙofar kicin. Da bazara nan ake shan iska, nan ake gasa nama. Daga Nuwamba kuwa wurin nan yana yawan kayar da mutane, kuma ba ƙanƙara ce babbar mai laifi ba. Gansakuka ce. Wani siririn kore ne da ke mamaye katakon da ya daɗe a jiƙe cikin inuwa, ido ba ya cika ganinsa, amma da zarar ruwa ya taɓa shi sai ya zama kamar an zuba miyar kuɓewa. Ƙanƙara tana zuwa ne kwana-kwana, gansakuka kuwa tana nan har Maris.

Lokacin aikin shi ne ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, a Disamba kuma kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi a Landan. Wanda ya bari har lokacin ba zai samu busasshen katako ba.

A fara da kwashe komai daga kan dandamalin: kujeru, tukwanen shuka, musamman kafet ɗin waje, domin ƙarƙashinsa ne ruɓa ke farawa. A share ganye. Sai a bi tsagar da ke tsakanin alluna da tsohuwar wuƙa ko ƙarfen kankare fenti. Tsagar nan, mai faɗin milimita 5 zuwa 8, ita ce hanyar ruwa. Idan ƙasa da ruɓaɓɓen ganye suka toshe ta, ruwa zai kwanta a kan allo, komai wankin da aka yi banza ne.

Wajen wanki, garin sodiyam pakabonet, wanda ake sayarwa a matsayin maganin wanke katako, ya fi bilic. Bilic yana kashe koren, amma yana cin jikin itacen ya bar shi fari mai gashi-gashi, ga shi yana ƙona shukar da ke gefe. A dama garin a ruwan ɗumi bisa awon da ke jikin kwalin, a zuba, a bar shi minti 15 zuwa 20 ba tare da ya bushe ba, a goge da buroshi mai tauri ta tsawon allo, a ɗauraye. Injin feshin ruwa yana da sauri, amma shi ya fi lalata dandamali. Idan dole ne, a sa bakin da ke baza ruwa, a nisanta shi kamar santimita 30, kada a tsaya wuri ɗaya. Ruwa mai ƙarfi yana tayar da zaren itace, wurin da ya tashi kuma ya fi riƙe danshi, sai koren ya dawo fiye da da.

Bayan kwana biyu na rana, a ɗiga ruwa a kan allo. Idan ya taru ya yi ƙwallo, man da aka shafa wa katakon a baya na nan. Idan katakon ya shanye shi nan take, yana bukatar man katako. A shafa siriri sau biyu, a ranar da zafi ya haura digiri 10 a ma'aunin Celsius kuma ba a sa ran ruwa cikin awa 24. Mai da aka lafta da kauri, ko aka shafa a kan jiƙaƙƙen itace, ba ya shiga, zama yake yi a sama yana danƙo. Tsummokaran da aka goge mai da su a shanya su a buɗe ko a jiƙa su da ruwa, domin idan aka cukuikuye su wuri ɗaya suna iya kamawa da wuta da kansu.

Abin da mutane ke mantawa shi ne ƙarƙashi. A ɗauki sukundireba a soka a katakan da ke ɗauke da alluna, da gindin ginshiƙai, da inda matakala ta haɗu da dandamali. Idan ya shige ba wahala, itacen ya ruɓe, mai ba zai cece shi ba, sai canji. A girgiza makarin gefe da ƙarfi. Kusar da ta ɗago kai a cire ta a sa sukuru marar tsatsa. A gefen kowane tsani na matakala a ɗaura ɓallin nan mai kaushi kamar sanfefa da ake sayarwa don hana santsi. Wanda ake ɗaurewa da sukuru ya fi na liƙawa, wanda sanyi da danshi ke ɓanɓarewa kafin Fabrairu. Mai zaman haya ya ɗauki hoton duk abin da ya ruɓe ya aika wa mai gida a rubuce.

Ranar da dusar ƙanƙara ta sauka, shebur na roba ake amfani da shi, ana turawa ta tsawon allo. Kada a watsa gishirin da ake zubawa a titi don narkar da ƙanƙara: yana sa sukurori tsatsa, ruwansa kuma yana kashe shuka. Yashi mai tsakuwa ya isa. Ruwan zafi kuwa yaudara ce, zai narkar yanzu ya daskare cikin dare ya fi na farko santsi.

Lambun kansa bai kai haka wahala ba. Ruwa idan ya daskare yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin ɗari, shi ya sa famfon waje ke fashewa. A rufe makullinsa na cikin gida, a buɗe na wajen ya tsiyaye, a naɗe shi. A zazzage tiyo a ajiye. Tukwanen yumɓu ma haka suke tsagewa, don haka a ɗora su kan bulo ruwa ya riƙa fita, a naɗe su da buhun algarara. A kwashe ganye daga kan ciyawa da manjagara, a share indararo, kada kuma a taka ciyawar da raɓa ta daskare a kanta, sawun zai baƙanta. Yakuwa, rama da alayyafo ba sa tsallake daren farko na daskarewa, a girbe su tun da wuri. Attarugu kuwa ana iya rage masa rassa a shigo da tukunyar kusa da taga, a rage ba shi ruwa, ya sake tohowa da bazara.

Murhun gawayi na tsire ya zauna a waje ko da an gama gashi, ko da ana ruwa. Garwashin da ya yi kamar ya mutu yana ci gaba da fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, kuma a rufaffen kicin ko gareji tana kisa.