Kwana biyu a Stamford, a gidan da ya taɓa zama mashaya

Makon jiya na dawo daga Ingila, har yanzu gidan nan bai fita raina ba. Ɗan ƙanwata da ke karatu a can ne ya ɗauko ni daga Landan, muka canja jirgin ƙasa a Peterborough, muka sauka Stamford.

Wata dattijuwa da ya saba da ita ce ta sauke mu. Sai da muka ajiye kaya ya ce, "Kawu, nan fa da mashaya ce." Gabana ya faɗi. Matar ta lura, ta ce giya ta bar gidan tun kafin ta saye shi, ta kuma share mini wuri a ɗakin sama don salla. Allah ya saka mata.

Da safe ta zagaya da ni. Ƙofar shiga tsakar gida baka ce mai faɗi, ta nan keken doki ke shigewa a zamanin da matafiya daga Landan zuwa arewa ke yada zango a garin. Ƙarfen da ake rataye allon suna yana nan jikin bango. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ma'ajiyar ganguna a da, yanzu dankali ne a ciki. Katakan rufin falo sun yi baƙi don tsufa, dogon mutum sai ya sunkuya. Rufin waje kuwa falalen dutse ne na Collyweston, ƙauyen da ke kusa.

Na tambaye ta me ya sa ba ta canja tagogin ba, ga sanyi yana shigowa. Ta ce gidan yana cikin rajistar gine-ginen tarihi, aji na biyu, ko taga ba ta taɓuwa sai da izinin ƙaramar hukuma, wanda ya yi gaban kansa kuma kotu ce. Irinsa sun haura 600 a garin, kuma a 1967 Stamford ya zama yanki na farko da aka keɓe don kariya a Ingila. Nan take na tuna gidan kakanmu a cikin birnin Kano, na tubali da azara, da zankayensa. Rana ɗaya aka rushe shi aka jera shagunan bulo, ba wanda ya ce uffan. Abin ya sosa mini rai.

Tsada kam sai haƙuri: kofin shayi fam 3, babu ko burodi, mai shagon kuma ko gaisuwata bai amsa ba.

Rana ta biyu ruwa ya wuni yana zuba. Muka leƙa coci ɗaya, muka kama jirgin yamma.