Bibiyar dutsen La Palma daga Yamai

Duwatsun Ayar na arewacin Nijar sun daɗe ba su yi aman wuta ba, don haka da malaminmu na ilimin duwatsu a Jami'ar Abdou Moumouni ya ba ni aikin nazarin dutse mai aman wuta, sai na ɗauki Cumbre Vieja na tsibirin La Palma a Sifaniya, wanda ya fashe ranar 19 ga Satumban 2021. Sharaɗinsa shi ne in yi kamar ban san ƙarshen labarin ba.

Na fara da jerin girgizar ƙasa da IGN, hukumar Sifaniya mai sa ido kan girgizar ƙasa, ke wallafawa. Daga 11 ga Satumba ƙananan girgiza suka riƙa zuwa bi da bi. Yawansu na ɗaukar ido, amma zurfinsu ne ya fi amfani: da na jera su kwana-kwana, sai na ga sun faro daga wajen kilomita 10 a ƙarƙashin ƙasa suna haurowa. Narkakken dutse ne ke fasa wa kansa hanya.

Hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-1 kyauta ne, sai dai nauyi gare su, da tsakar dare nake sauke su lokacin da intanet ya ɗan sarara. Ana haɗa hoto biyu na wuri guda, a sami zobba masu launi, kowane zobe na nufin ƙasa ta motsa kusan santimita 2.8. A nan ake yaudarar mutum, domin tururin ruwa a sama ma yana zana irin waɗannan zobba. Da na kai wa malam hoton farko, ya ce, "Ɗana, GPS ya yarda?" Tashoshin GPS da ke kafe a tsibirin, masu auna motsin ƙasa, sun yarda: ƙasa ta kumbura daidai inda girgizar ta taru. Tun daga nan ba na amincewa da alama ɗaya sai ta sami mai mara mata baya.

La Palma dai ya ba da gargaɗin kwana 8. Dutsen Nyiragongo na Kwango, da ya kwararo zuwa gefen birnin Goma ranar 22 ga Mayun 2021, gargaɗinsa bai kai awa guda ba, saboda narkakken dutsen na nan cike a bakinsa tun tuni, bai buƙaci fasa sabuwar hanya daga zurfi ba. Hanyar da na koya ba za ta yi aiki a kansa yadda ta yi a La Palma ba. Nyiragongo ɗin ne malam ya ba ni aikin zango mai zuwa.