Kashin Tattabara da Wayar da Ba a Ɗaure Ba

A watan Agustan 2022 na tafka wata katoɓara a bakin aiki, wadda har yau idan na tuna sai kunya ta lulluɓe ni. Aikina haɗa labaran kimiyya da fasaha na wani shirin rediyo na mako-mako: in tattaro, in tace, in rubuta, wani lokaci ma ni ke karantawa. A watan Yulin shekarar ne na'urar hangen nesa ta James Webb ta fara aiko da hotunanta, duniya ta ɗauka. Ba a jima ba sai ga wani rubutu ya karaɗe intanet, wai hotunan sun rushe ka'idar Babbar Fashewa (Big Bang), mai cewa duniya, wato sarari da duk abin da ke cikinsa, ta faro ne a dunƙule cikin tsananin zafi sannan ta yi ta buɗewa, wai masana taurari sun rasa inda za su sa kansu. Ban yi wata-wata ba na ɗora shi a kan gaba, na buɗe da jimlar nan da muke so kamar rai: "Masana kimiyya sun gano cewa..."

Washegari aka ce ana nemana a waya. Wani dattijo ne, tsohon malamin fiziks da ya yi ritaya, mai bin shirin. Muka gaisa a tsanake, ya yaba ƙoƙarinmu, sannan ya ce, "Ɗana, jiya na ji ka ce an rushe. To, me aka auna?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, hotuna ne suka nuna."

"Suka nuna me?"

Na yi tsit. Gaskiyar magana ban sani ba. Kanun labari na karanta, da sakin layi uku na ƙarƙashinsa, na fito ina shelanta wa jama'a cewa aikin kusan shekara ɗari ya bi ruwa.

Bai yi mini faɗa ba, kuma hakan ya fi faɗan ciwo. Ya zauna a kan waya kusan rabin awa yana warware mini. Abin da Webb ta hango shi ne gungun taurari masu nisan gaske, waɗanda haskensu ya baro su tun duniya tana jaririya, kuma sun fi yawa, sun fi haske fiye da yadda lissafi ya yi hasashe. Wannan matsala ce ta gaske, amma ga masu lissafin yadda gungun taurari ke haɗuwa da saurin girmansu. Ita kuwa Babbar Fashewa a kan wasu duwatsu daban take zaune. Akwai yadda gungun taurari ke nesanta da juna, wanda Edwin Hubble ya nuna a 1929, mafi nisa ya fi saurin gudu. Akwai yawan haidurojin da hiliyom a sarari, kusan kashi uku cikin huɗu da kashi ɗaya cikin huɗu, daidai da abin da lissafin mintunan farko ya bayar. Sai kuma wani ɗan ɗumi da ya cika sarari ta kowace fuska. Babu ɗaya daga cikin ukun da hoton Webb ya taɓa. Hasali ma, in ji shi, nisan waɗancan taurarin da buɗewar sararin ake auna shi, ita ɗin da na ce an rushe.

Mako na gaba na nemi afuwa a shirin. Tsalle ɗaya na yi na faɗa rijiya, fitowar kuwa ta ɗauke ni watanni, don duk labarin da na kawo taron editoci sai wani ya yi murmushi ya ce, "Wannan ma an rushe ne?"

Daga nan dattijon ya zama wanda nake kira idan labari ya yi mini daɗi fiye da kima. Shi ya fara ba ni labarin wayar da ba a ɗaure ba. A watan Satumban 2011 masu wani gwaji da ake kira OPERA suka sanar cewa wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi masu suna niyutirino da ake harbowa daga cibiyar binciken fiziks ta CERN kusa da Geneva zuwa Gran Sasso a Italiya, tafiyar kimanin kilomita 730 ta cikin ƙasa, suna isa kafin lokacin da haske zai iya isa. Tazarar kashi 60 ce cikin biliyan ɗaya na daƙiƙa. Da ta tabbata, da ka'idar Einstein, mai cewa babu abin da ke wuce haske gudu, ta shiga uku. Jaridu suka yi ta buga hotonsa. A farkon 2012 aka gano wata wayar da ke kai saƙon lokaci daga GPS zuwa agogon gwajin ba ta ɗauru da kyau ba. Aka ɗaure ta, tazarar ta ɓace. Abin da Malam ya fi jaddada mini shi ne, su masu gwajin ba su ce sun kayar da Einstein ba. Sun ce ga abin da suka auna, sun duba sun rasa kuskurensu, a zo a taya su dubawa. Irina ne, masu rubuta kanu, suka yi kayarwar.

Wannan labari ya shige ni sosai, har ya so ya yi yawa. A watan Yulin 2023 wasu masu bincike a Koriya ta Kudu suka ce sun haɗa wani sinadari, LK-99, mai wuce da lantarki ba tare da asara ba a yanayin zafin ɗaki. Ga bidiyon ɗan gutsure yana ɗaga gefe ɗaya a kan maganaɗisu. Abokan aikina suka matsa a sa shi a kan gaba, na ƙi, na ce a jira wasu su maimaita. Kafin ƙarshen Agusta ɗakunan gwaji a Jamus da Sin da wasu wurare suka nuna gurɓacen wani sinadarin tagulla da farar wuta ne ya ruɗi masu binciken. Na yi ta yawo a ofis ina hura hanci. Daga ranar duk sabon abin da aka kawo sai in taɓe baki in ce waya ce ba ta ɗauru ba.

Da na kira Malam ina ba shi labari cikin alfahari, sai ya yi dariya ya ce, "Ka koyi rabin karatu ka rufe littafi. Saura na tattabara."

A 1964 Arno Penzias da Robert Wilson suna aiki da wata ƙatuwar eriya mai siffar ƙaho a Holmdel, jihar New Jersey ta Amurka. Wata 'yar shuuu ta ƙi barin na'urarsu, ko ina suka juya ta, dare da rana, rani da damina. Suka zargi birnin New York, suka zargi wayoyinsu. Daga baya suka tarar tattabaru sun yi sheƙa a cikin ƙahon sun ɓata shi da kashi. Suka kore su, suka shiga suka goge tas. Ƙarar tana nan daram. Sai da suka yi magana da ayarin Robert Dicke na jami'ar Princeton suka gane abin da ke hannunsu: ragowar hasken da ya kuɓuta lokacin da duniya ke da shekara kusan 380,000, wanda ya huce har ya koma kusan digiri 270 ƙasa da sifili, wato ɗan ɗumin nan da ya cika sarari ta kowace fuska. Aka buga a 1965, suka karɓi kyautar Nobel a 1978. Da sun yi irin tawa, sun ce kashin tattabara ne suka tafi gida, da wani ya ɗauke.

Tun daga nan na daina tambayar ko labari gaskiya ne ko ƙarya a ranar da ya fito, don ranar babu wanda ya sani. Nakan tambaya: an goge kashin tattabarar? Wa ya goge, masu iƙirarin ko wasu daban? Me ya rage bayan an goge?

Inda wannan karatu ya fi yi mini amfani kuwa shi ne musun da ba ya ƙarewa a ofishinmu, na asalin samuwa. Muna da mutum biyu da ba sa haɗuwa a teburi ɗaya sai an tayar da shi. Ɗaya yana ganin Babbar Fashewa hujja ce yankakkiya cewa an halicci duniya, kimiyya ta zo ta sa hannu. Ɗayan, wanda ya fi karance-karancen intanet, yana ganin tunda an san shekarun duniya biliyan 13.8 kuma an san yadda ta buɗe, to tambayar ta mutu, babu sauran abin nema. Ranar da na yi katoɓarata, na biyun ne ya damu. Na farkon kuwa ya rasa ko murna zai yi ko baƙin ciki, tunda jiya-jiya da ka'idar yake kafa hujja, yau kuma ga damar cewa masana sun ji kunya. Na lura a makon nan kowannensu ya canza wurin tsayawa ba tare da ya canza ra'ayi ba. Yanzu ma abin ya ƙara sauƙi: kowa sai ya zaro waya ya tambayi ChatGPT da irin lafazin da zai ba shi amsar da yake so, ya miƙo maka allon kamar ya kawo shaida daga kotu.

Wanda ya fara kawo ka'idar Babbar Fashewa limamin coci ne, Georges Lemaître ɗan Beljiyam, masanin lissafi. A 1927 ya nuna sarari na buɗewa, a 1931 ya ce in aka bi sawun baya za a tarar komai a dunƙule wuri guda. Wasu masana suka ƙi ta don suna jin ƙanshin addini a jikinta. Fred Hoyle, wanda shi ya laƙaba mata sunan da ya bi ta a wani shirin rediyon BBC a 1949, ya tsaya kan cewa duniya ba ta da farko, kuma har ya rasu a 2001 bai sauka ba. To a 1951 Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi yana nuna kimiyya ta gaskata halitta. Kowa zai zaci Lemaître zai yi farin ciki. Bai ji daɗi ba sam. A ganinsa ka'idar lissafi ce da awo, gobe wani awo na iya gyara ta, kuma bai ga dalilin da mai imani zai rataya imaninsa a ƙusar da ba shi ya kafa ba.

Ni dai a nan nake tare da shi, kuma ina faɗa a matsayina na mai imani. Na riga na ji yadda waya guda ta girgiza jaridun duniya wata biyar. Ba zan so abin da na dogara da shi ya zama yana jiran sakamakon taron masana na baɗi ba.

Shi ma abokina na biyu ba ya tsira. Sunan "fashewa" kansa yana ruɗarwa, sai mutum ya hango wani abu ya tarwatse a tsakiyar fili, alhali filin ne da kansa ke buɗewa. Kuma ka'idar ba ta bayanin daƙiƙar sifili. Tana bin sawu baya har inda zafi da matsi suka kai matakin da lissafin Einstein da na ƙananan ƙwayoyi suka daina jituwa, daga nan sai hasashe iri-iri, kowane da magoya bayansa. Ko saurin buɗewar ma ana ta ja: masu auna tsohon hasken nan suna samun kusan 67, masu auna taurarin kusa suna samun kusan 73 a ma'auni ɗaya, an shafe shekaru ana neman sakakkiyar waya ba a same ta ba. Balle tambayar me ya sa akwai wani abu maimakon babu, wadda ba ta da ma'aunin da za a ɗora ta. Tsohuwar gardama ce. Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wa masana falsafa irin su Ibn Sina raddi a kan cewa duniya ba ta da farko, Ibn Rushd na Ƙurɗuba ya zo daga baya ya yi wa raddin raddi. Kaifin hankalin waɗannan ya fi na teburinmu nesa ba kusa ba, kuma ba su rufe zancen ba.

Asalin rai ma haka. A 1953 Stanley Miller ya buga sakamakon gwajinsa a jami'ar Chicago: ruwa da wasu iskoki a cikin kwalba, ya yi ta sakar musu tartsatsin lantarki, sai ga sinadaran amino, tubalan da ake gina furotin da su. A watan Janairun 2025 aka sanar cewa ƙurar da kumbon NASA ya ɗebo daga wani dutse mai yawo a sarari da ake kira Bennu ya sauke a 2023, kimanin giram 120, tana ɗauke da 14 daga cikin 20 na waɗannan tubala. Abin mamaki ne ƙwarai, kuma na ba shi minti biyar cur a shirin. Amma da wani ya rubuto mini kanu wai an gano asalin rai a sarari, na soke. Tulin bulo a fili daban, gida mai ƙofa da taga daban, kuma tsakanin amino da ƙwayar halitta mai ci, mai hayayyafa, akwai tafiyar da har yanzu ake lalube.

A watan Afrilun 2025 gwajina ya sake zagayowa, kuma da Webb ɗin dai. Wasu masana a jami'ar Cambridge suka ce sun ga alamar wata iska a K2-18b, wata duniya da ke zagaya wani tauraro, mai nisan tafiyar haske ta shekara 124, iskar da a nan duniyarmu ƙananan halittun teku ne suka fi samar da ita. Wayata ta cika da saƙonni. Abokina na farko ya zo yana tambaya ko wannan ya saɓa wa wani abu, na biyun ya zo yana cewa ai shi ke nan. Na nemi takardar binciken kanta na karanta, da ƙyar, ina tsallake lissafin da ya fi ƙarfina. Ƙarfin alamar mataki uku ne a ma'aunin da masana ba sa kiran abu ganowa sai ya kai biyar, kuma su da kansu sun faɗi haka. Cikin 'yan makonni wasu ayarin suka sake tace bayanan suka ce alamar ba ta fito musu sosai ba.

A shirin na ce an ga wata alama mai rauni, ga abin da za ta iya nufi, ga sauran abubuwan da za su iya haifar da ita, kuma ana shirin sake dubawa. Wani mai sauraro ya aiko da saƙo yana cewa na cika noƙe-noƙe, in fito fili in faɗa musu akwai halittu a can ko babu. Malam kuwa bai kira ba. Da na kira shi da kaina bayan kwana biyu, ya ce ya ji shirin, sannan ya gyara mini yadda nake furta sunan iskar.